Ɗaure Mashayi Ba Shi Ne Warkar Da Shi Ba

Jama'a, yau za mu taɓo wata magana wadda manya ba su son ji, talakawa kuwa suna jin kunyar faɗi. Maganar 'ya'yanmu ce da ƙannenmu waɗanda shaye-shaye ya kai su gidan yari, da abin da ake yi da su tun daga ranar da gandiroba ya rufe ƙofa har zuwa ranar da ya buɗe ta.

A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wata doka wadda ta soke tsohuwar dokar gidajen yari, ta raɗa wa ma'aikatar sabon suna, watau Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya. Aka goge alluna, aka sake fenti, aka buga sababbin takardu. Madalla. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kurkuku ranar ziyara ya san sauya wa tuwo suna ba ya sauya masa ɗanɗano. In gyaran hali ne da gaske, to, halin da ya fi bukatar gyara a cikin gidajen nan shi ne jarabar ƙwaya da giya, don ita ce take kai mutum ciki, ita ce kuma take komo da shi bayan an sake shi.

Abin da muke cewa gajere ne. Ba a auna aikin warkar da mashayi da yawan fursunonin da aka tara a rumfa aka yi musu lacca, aka ɗauki hoto, aka watse. Ana auna shi da yawan waɗanda suka fara magani suka zauna a kansa har ranar fita, sa'an nan suka ci gaba da shi a waje. Maganin da aka fara aka yanke ɓarnar kuɗi ne, wani lokaci ma ajali ne.

GIRMAN MASIFAR

A farkon 2019 aka bayyana sakamakon wani babban bincike wanda Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3, daga ɗan shekara 15 zuwa ɗan 64, sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 masu wiwi ne, miliyan 4.6 masu tiramol da kodin da danginsu. A cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Mutum 376,000 kuwa abin ya riga ya yi musu mugun kamu, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan an taɓa kama shi saboda ƙwaya, kusan kashi 40 cikin 100 nasu kuma sun ce suna bukatar magani.

Ta ɗaya gefen, a 2024 yawan mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ya haura 80,000, wajen kashi biyu cikin uku nasu kuwa ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ba sai an yi duba ba kafin a san jama'ar nan biyu sun cuɗanya. Wanda aka kama da ƙullin wiwi yana ciki. Wanda ya fizge wayar wani don ya sayi tiramol yana ciki. Wanda ya bugu da ogogoro ko burkutu ya fasa wa abokinsa kai da kwalba, shi ma yana ciki. Takardar kotu ta ce sata ko rauni, amma tushen abin yana cikin kwalba da ƙwaya.

MUN GWADA BULALA, ME TA HAIFA?

Akwai masu cewa a bar su su ji a jikinsu, wuya ita ce makaranta. Waɗannan muna tuna musu da tarihi. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar wiwi wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai sha. A 1984 wata gwamnatin sojan ta kafa Doka ta 20 mai hukuncin kisa ga masu fataucin ƙwaya, a watan Afrilu na 1985 kuma aka harbe mutum uku a Ikko. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, dokarta ta yanka ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko hiroyin. A watan Mayu na 2018, bayan fim ɗin da BBC ta nuna a kan yadda kodin ke cin matasa, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta sake ta da maganar kisa.

To, bayan shekara hamsin da ɗoriya ana wannan tsanani, ga mu da mutum miliyan 14.3. Ba muna roƙa wa dillalin ƙwaya sassauci ba ne, shi wannan doka ta bi ta kansa. Amma yaron da dillalin ya kama a tarko, in aka ɗaure shi aka sake shi ba magani, an bar jaki ana dukan taiki. Jaraba ciwo ce wadda take sauya yadda ƙwaƙwalwa da jiki suke aiki. Katanga tana iya raba mutum da kasuwar ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ta cire masa ƙishirwar.

Igiyar magani a gidan yari wuri uku take tsinkewa, kowanne kuwa hannun hukuma ne yake tsinka ta, ba taurin kan fursuna kaɗai ba.

WURI NA FARKO: DAREN SHIGA

Mutumin da ya shekara goma yana shan giya kullum, in aka yanke masa ita farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 hannunsa zai kama karkarwa, gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa. A kwana na biyu zuwa na uku wani sai farfaɗiya ta buge shi, ko ya rikice yana ganin abin da babu, yana sambatu. Wannan hali yana kisa, alhali kuwa likita yana iya tsare shi da magani mai araha. Haka wanda ya saba da diyazafam ko rochi, yanke masa su a rana ɗaya hatsari ne. Mai tiramol da kodin da hiroyin kuwa, zawo da amai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su taso masa kwana da kwanaki, har ya ji gara mutuwa.

Ina mutumin nan yake a waɗannan kwanaki? Yana bayan kanta a caji ofis, ko yana kwance a bakin bokitin bahaya a ɗakin sababbin shiga. In ya yi ihu a ce iskanci ne, in ya faɗi a ce aljanu ne. Wanda ya sha wannan azaba ba wanda ya dube shi, darasi ɗaya ya koya: hukuma ba ta da abin ba shi, wanda yake da shi shi ne fursunan da ke sayar da ƙwaya a lungun ɗaki. Ranar da aka zo da lacca bayan wata uku, an riga an yi asararsa.

Ga kuma tsoro. Mai jiran shari'a ba zai buɗe baki ya ce shi mashayi ne ba, muddin yana zaton maganar za ta koma kunnen ɗan sanda mai gabatar da ƙara. In ba a raba littafin asibiti da fayil ɗin shari'a ba, aka kuma tabbatar masa da haka, ƙarya zai yi, kuma ba a ga laifinsa ba.

WURI NA BIYU: ZAMAN JIRA

Masana wannan aiki a Amurka sun daɗe da tabbatar da cewa maganin jaraba wanda bai kai kwana 90 ba amfaninsa kaɗan ne. Wata uku ke nan a jere, ba yankewa. To, a dubi rayuwar mai jiran shari'a. Yau an kai shi kotu, alƙali bai zauna ba. Gobe babu man mota. Jibi an ɗauke shi an mai da shi wani gidan yari saboda cunkoso, ba takardar asibiti da ta bi shi. Koyon sana'a da sauran shirye-shiryen gyara kuwa galibi waɗanda aka yanke wa hukunci ake yi wa, don su ne aka san ranar fitarsu. Watau mafi yawan mutanen gidan, kashi biyu cikin uku, su ne shirin ya tsallake.

A haɗa da cunkoso. Gidan yarin Ikoyi an gina shi a 1955 don mutum 800. A watan Disamba na 2019, lokacin da wayar lantarki ta kashe fursunoni biyar a can, mutanen da ke ciki sun haura 3,000. A ina za a zaunar da mutum goma su yi magana ta sirri a irin wannan wuri? A haɗa da yunwa. A 2024 aka ɗaga kuɗin abincin fursuna daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana. Kowace uwargida ta san abin da wannan kuɗi yake saye a kasuwa. Mai jin yunwa, wanda ba shi da aikin yi daga asuba har magariba, wanda bai san ranar fitarsa ba, shi ne za a ce ya yi haƙuri ya ƙi ƙwayar da za ta sa shi barci?

Kada kuma mu yaudari kanmu: ƙwaya tana shiga gidan yari. Ba fiffike ne da ita ba. Tana shiga cikin abincin ziyara, tana shiga ta kan katanga, tana kuma shiga cikin aljihun waɗansu ɓatagarin ma'aikata, hukumar da kanta ta sha hukunta irinsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gandiroban da aka bari da ƙaramin albashi da gidan haya da 'ya'ya a makaranta, aka ɗora shi a kan ɗaruruwan mutane, an ajiye shi a bakin jarrabawa.

Akwai wata matsala wadda ta shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Dubban samarinmu sun baro Arewa suna neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca, masu acaba da 'yan dako da masu gadi da 'yan bola-jari. Da yawa tiramol ta kama su ne ta hanyar aiki, don su jure wahala, ba don nishaɗi ba. In samame ya rutsa da ɗayansu, zai sami kansa a ɗaki inda ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, uwarsa kuwa tana can nisan kilomita dubu, ba ta ma san inda yake ba. Maganin jaraba rabinsa magana ce. Nasihar da aka yi wa mutum da harshen da ba ya ji, iska aka yi wa.

WURI NA UKU: BAKIN ƘOFA

Nan ne ramin ya fi zurfi. Jikin mashayi yana sabawa da ƙwaya, shi ya sa wanda ya fara da guda ɗaya yake kai wa biyar. In ya yi watanni a tsare bai samu ba, ko yana samun kaɗan, sabon nan sai ya sauka. Ranar da ya fito ya haɗiyi adadin da ya saba a da, jikin ba zai ɗauka ba, numfashi ya tsaya.

An auna wannan a Jihar Washinton ta Amurka, inda aka bi sawun mutum 30,237 da aka saki daga kurkuku tsakanin 1999 da 2003. A cikin mako biyu na farko bayan fita, hatsarin mutuwarsu ta hanyar zarce ƙima a ƙwaya ya ninka na sauran jama'ar jihar sau 129. Mai karatu ya sake duba wannan lamba, ba kuskuren maɗaba'a ba ne.

Ni kaina na ga irin wannan. Wani yaro ɗan garinmu, mai acaba a nan Kudu, ya yi wata bakwai yana jiran shari'a a wani gidan yari. Rana ɗaya aka kira ƙarar, mai ƙara bai zo ba, alƙali ya kore ta. Daga harabar kotu aka ce ya tafi, da silifas da rigar da aka kama shi da ita. Ba wanda ya sanar da 'yan'uwansa, ba takardar asibiti, ba wanda ya gaya masa jikinsa ba na da ba ne. Kwana tara bayan haka aka tsince shi a tasha yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Allah ya yi da sauran kwana. Da na je duba shi, sai ya ce mini, "Yaya, wallahi a can ciki na yi niyyar bari, amma da na fito ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba." Kafin shekara ta kewayo ya koma ciki.

A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ta riƙe, bayan an tara Naira miliyan 585 an biya musu. Aikin alheri ne, mun yaba. Haka Manyan Alƙalan jihohi suna zagaya gidajen yari suna sallamar waɗanda suka daɗe. Tambayarmu ita ce: a duk irin wannan saki, mutum nawa ake tantancewa a san mashaya ne, nawa kuma ake haɗawa da asibiti kafin su taka waje? Hukuma ta fito da lissafin, jama'a su gani.

ABIN DA WASU SUKA GWADA

Ba sabon abu muke nema a ƙirƙiro ba. A birnin Baltimo na Amurka an raba fursunoni masu jarabar hiroyin, su wajen 200, kashi uku. Kashi na farko nasiha kawai aka yi musu. Na biyu aka yi musu nasiha, aka kuma shirya musu wurin karɓar maganin metadon bayan sun fita. Na uku aka fara ba su maganin tun suna ciki. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa a cikin shekara guda bayan saki, 'yan kashin farko kwana 23 suka yi a kan magani in an daidaita, na biyu kwana 91, na uku kwana 166. Mutanen iri ɗaya ne, jarabar iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da aka ƙulla igiyar.

A 2016 ƙaramar jihar Rod Ailan ta ware Dala miliyan 2 a shekara, ta shiga tantance duk wanda aka kawo gidan yari, har da mai jiran shari'a, tana ba mai bukata magani, tana kuma miƙa shi ga asibitin gari ranar fita. A wata shida na farkon 2016 mutum 26 daga cikin sababbin fita ƙwaya ta kashe. A wata shida na farkon 2017 suka zama 9. A Ingila wani bincike na 2017 ya nuna waɗanda suka fita kurkuku suna kan irin wannan magani, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 75 cikin 100. A Jihar Delawaya kuwa, tun shekarun 1990, an ga cewa waɗanda aka keɓe musu ɗaki na masu neman bari a cikin kurkuku, sa'an nan aka ci gaba da kula da su bayan fita, sun fi waɗanda aka yi wa na ciki kaɗai tsira daga komawa.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufurenofin cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Darussalam a 2011, Kenya da Senegal suka bi a 2014. Mu nan gida ma muna da abin koyi. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa tare da ɗan'uwansa, don ya gane mara lafiyar da danginsa ke kusa ya fi zama a kan magani. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, mu muka mance.

Gaskiya ɗaya dai a faɗe ta: metadon da 'yan'uwansa na masu hiroyin da kodin da danginsu ne kawai. Mai wiwi da mai sholisho da mai ƙanƙarar nan da ake kira mkpuru mmiri a Gabas, ba su da ƙwayar da za ta maye musu. Nasu maganin zama ne da gwani a kai a kai, da aikin yi, da ɗan lada na nan take ga wanda ya cika alkawari, kamar ƙarin ziyara ko sabulu ko damar kiran gida. An gwada wannan hanya ta lada an ga tana riƙe mutane fiye da barazana.

AMSA GA MASU SUKA

Wani zai ce, mu da ba mu yi laifi ba ba mu sami magani a asibiti ba, sai ɓarayi? Ƙorafin yana da tushe, amma a yi lissafi. Fursunan nan ba a can zai tabbata ba, unguwarku zai komo. Ko dai a kashe kuɗi a kansa sau ɗaya a yi magani, ko a yi ta ciyar da shi a kurkuku sau uku sau huɗu, a tsakani kuma wayarka da akuyarka da ran ɗanka su biya sauran. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bayan haka, a watan Disamba na 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta, ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni masu sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 24 ta wajabta a ba fursuna kulawar lafiya daidai da ta mutumin waje, kada kuma a yanke masa magani, ta ambaci jarabar ƙwaya da sunanta.

Wani zai ce ai sauya ƙwaya da ƙwaya ne. A'a. Wanda likita yake auna wa magani kowace safiya, yana tashi ya yi salla ya tafi aiki ya ciyar da iyali, ba ɗaya yake da wanda ke haɗiyar tiramol mai lamba 225 ta bayan fage ba, wadda asibiti ma ba ya ba da irinta. Ba wanda yake ce wa mai ciwon sukari allurarsa jaraba ce.

Wani kuma zai ce wa'azi ya isa. Malamai da fastoci da ke shiga gidajen yari suna aikin da ba mai biyansu sai Allah, kuma ba za a yi wannan tafiya ba tare da su ba. Amma wa'azi ba ya tsai da farfaɗiyar mai giya a dare na uku. A ɗaure raƙumi, sa'an nan a yi tawakkali. Mun kuma ga abin da ke faruwa in hukuma ta bar iyaye ba mafita. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, a watan Oktoba kuma aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wurin zuwa ne. In sarƙa tana warkar da jaraba, da gidajen mari sun gama da ita tuntuni.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, duk wanda aka kawo gidan yari malamin asibiti ya tantance shi cikin awa 24, a tambaye shi abin da yake sha, a ajiye maganin da zai sauƙaƙa masa kwanakin farko. Abin da ya faɗa ya tsaya a asibiti.

Na biyu, a buɗe shirin magani ga masu jiran shari'a tun makon farko, a tsara shi gajere-gajere yadda ko gobe aka sake mutum ya tafi da wani abu. Kowa a ba shi katin magani wanda zai bi shi duk inda aka mai da shi.

Na uku, a keɓe ɗaki ga masu neman bari, a haɗa musu da aikin hannu da karatu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa tana da cibiyoyi a gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje, fursunoni suna samun digiri. Hukumar da ta iya wannan ba za ta kasa zaunar da mutum goma sau uku a mako ba. Shekarar fursuna mai ladabi wata takwas ce, don ana yafe masa sulusi. A sa zama a kan magani cikin abin da ake dubawa wajen wannan rangwame.

Na huɗu, a horar da tsofaffin mashaya da suka tsira, masu jin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, su zama masu jan 'yan'uwansu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo ta Badun da sauran zango-zango, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba da 'yan kasuwa, su riƙa ziyara, su zama dangin wanda ba shi da dangi a kusa.

Na biyar, kada a saki mashayi sai an gargaɗe shi a kan hatsarin makon farko, an sanar da wani nasa, an kuma yanka masa rana a asibiti cikin kwana bakwai. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa a Yaba da Aro da Uselu da Inugu da Kalaba da Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, ga cibiyoyin NDLEA a jihohi. A ɗaura kowane gidan yari da ɗaya daga cikinsu a rubuce. Masu hiroyin da kodin a ba danginsu nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya.

Na shida, alƙalai su yi aiki da sashen hukuncin da ba na ɗauri ba wanda dokar 2019 ta kafa. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a tura shi magani da aikin gayya ƙarƙashin sa ido, kada a kai shi inda zai koyi fashi.

Na bakwai, kowace shekara hukuma ta buga lissafi: nawa aka tantance, nawa suka fara, nawa suka kai kwana 90, nawa suka je asibiti bayan fita, nawa suka komo.

Gwamnonin jihohi kuma kada su laɓe a bayan Abuja. Tun watan Maris na 2023 aka gyara Tsarin Mulki, gidajen yari suka shiga jerin abubuwan da Tarayya da jihohi duka suke da iko a kai. Mafi yawan waɗanda ke tsare ma laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi, kotunan jiha ne suka aika da su. Mai ɗaurewa shi ya kamata ya fara sa hannu a aljihu.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Samarin nan namu ne, ko mun so ko mun ƙi, kuma kowannensu yana da ranar fita. Abin da za mu tarar a bakin ƙofa ran nan, mu ne muke shuka shi yau. Muna kira ga 'yan majalisa na tarayya da na jihohi, in lokacin kasafin kuɗi ya zo, su tambayi layin maganin fursuna kafin su tambayi layin fenti da sababbin motoci. Allah ya shirye mu da zuriyarmu, ya ba shugabanninmu kunnen ji. Amin.